Daga Saiwar Zaƙami Zuwa Kwalbar Asibiti

Jawabin da malaman ilmin halittu suka gabatar a taron reshe na zangon karatu, a Dodoru



Malam shugaban reshe, malam sakatare da sauran jagorori, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata da kuka taso daga Gwandu da Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye, muna yi muku barka da zuwa. An ba mu, mu masu koyar da ilmin halittu, damar mu yi magana a kan wani abu daga fanninmu. Da farko niyyarmu ita ce mu kawo kukan rashin ɗakin gwaje-gwaje, kukan da kowa a nan ya haddace. Sai wani abu ya faru a ɗaya daga cikin makarantunmu a ƙarshen damina, ya sa muka sake shawara.

Wata safiya aka shigo da wani yaro ɗan ajin gaba da na ƙarshe ɗakin malamai, abokansa biyu suna riƙe da shi. Ba za mu ambaci sunansa ba, ba kuma za mu faɗi makarantar ba. Yaron nan yana ta tsintar tururuwa a jikin rigarsa, alhali babu tururuwa ko ɗaya. Yana kiran kakarsa da ta rasu shekaru uku da suka wuce, yana ba ta amsa kamar tana yi masa magana. Jikinsa ya yi zafi, amma babu ɗigon zufa a goshinsa. Ya nemi ruwa, aka ba shi, ya kasa haɗiyewa. Wasu suka ce iska ce, aka dukufa da addu'a. Wata malama daga cikinmu ta ɗaga fatar idonsa, ta ga baƙin tsakiyar idon ya buɗe har ya kusa cinye sauran, ta ce a ci gaba da addu'ar amma a nemo mota. Kwana biyu ya yi a asibiti. Da ya farfaɗo bai tuna komai ba, ko shigarsa motar.

Daga baya gaskiya ta fito. Zaƙami aka jiƙa masa a cikin zoɓo. Wanda ya jiƙa ɗin ba maƙiyinsa ba ne, amininsa ne, kuma da aka titsiye shi sai ya fashe da kuka yana cewa: "Wallahi malam, ni ma na sha irinsa da sallah, daidai wannan yawan, ba abin da ya same ni sai bushewar baki da dariya." Mun gaskata shi. Kuma maganarsa ita ce ta hana mu barci. Me ya sa tsiro iri ɗaya, awo ɗaya, ya bar wannan yana dariya, ya kusa kai wancan kushewa? Jikin mutum ya bambanta da na ɗan'uwansa, wannan gaskiya ne. Amma akwai rabin amsar da ke cikin tsiron kansa, kuma a kan wannan rabin muke so mu yi magana.

Dukanmu mun san zaƙami. Yana fitowa a juji da kufai da bayan katanga, da fure mai kama da bakin kakaki da 'ya'ya masu ƙaya kamar bushiya. Kakanninmu sun san halinsa, shi ya sa suka laƙaba masa haukata-yaro. Wani likitan Turawan mulkin mallaka mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya fito a 1916, ya tarar mutanenmu sun riga sun rarrabe mai magani da mai kisa tun kafin zuwansa. Abin da ke haukata yaro a cikin zaƙami sinadarai ne da masana ke kira alkaloyid. Kada kunne ya ruɗe ku, kalmar ba ta da dangantaka da alƙalin kotu, ko da yake ita ma daga Larabci ta samo tushe. Ta fito ne daga kalmar da Larabawa ke kiran tokar tsirrai da ita, irin tokar da iyayenmu mata ke tacewa su sa a miya in babu kanwa. Wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Meissner, shi ya ƙirƙiro sunan a 1819, saboda ya ga waɗannan sinadarai suna da ɗabi'a irin ta ruwan toka, wato kishiyar tsami. Suna ɗauke da naitirojin, galibinsu suna da ɗaci, kuma kaɗan daga cikinsu ya isa ya girgiza jikin mutum. An san fiye da dubu goma sha biyu daga tsirrai. Wanda ke hana mai cin goro gyangyaɗi yana cikinsu, haka nikotin na taba, haka mofin da kodin, haka kwinin.

Bari mu ɗan tsaya a kan kwinin, domin ya taɓa tarihinmu ta inda ba mu cika lura ba. Daga ɓawon wani itace na tsaunukan Amurka ta Kudu ake samunsa, kuma wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tace shi a 1820. A 1841 Ingilishi suka aiko da jiragen ruwa su hau Kwara, zazzaɓi ya kashe kusan ɗaya bisa uku na Turawan da ke ciki, sauran suka koma da ƙyar. A 1854 wani likita mai suna Baikie ya shigo da jirgi ɗaya, ya bi Kwara ya shiga Binuwai, ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, ya fita bai binne ko mutum ɗaya ba. Daga ranar nan sauro ya daina tsare mana ƙofa. Shekara 49 bayan haka Sakkwato ta faɗi. Malaman tarihi da ke nan sun fi mu sanin cewa dalilan suna da yawa, amma muna roƙon su sa ɗacin ɓawon itace a cikin lissafi.

To, tsiro ba don mu yake yin waɗannan sinadarai ba. Tsiro ba ya gudu, ba ya cizo, ba ya harbi. Idan fara ko tsutsa ko akuya ta zo, makaminsa shi ne abin da ya tara a ganye. Sai dai wani abin mamaki: a zaƙami da taba, ba a ganyen ake ƙera makamin ba. A 1942 wani masani a Amurka, Dawson, ya yi auren tsiro irin wanda masu lambu ke yi wa mangwaro. Ya ɗora kan tumatir a kan gindin taba, ya kuma ɗora kan taba a kan gindin tumatir. Ganyen tumatirin da ke zaune a kan saiwar taba ya cika da nikotin. Ganyen tabar da ke zaune a kan saiwar tumatir kuwa ya fito kusan fanko. Ashe maƙerar tana ƙarƙashin ƙasa, ganye rumbu ne kawai. Haka abin yake a zaƙami: saiwa ke ƙerawa, jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa su haura da shi sama. Auren ya yiwu ne saboda tumatir da taba da zaƙami da gauta da tattasai da dankalin Turawa duk 'yan gida ɗaya ne. Muna gargaɗin masu sha'awar lambu a cikinku kada wani ya ce zai gwada da zaƙami, domin tumatirin da zai haifa zai ɗauko dafin.

Yanzu mu shiga maƙerar. Kowane tsiro an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda muke kira tantani. A cikin kowane tantani akwai dogon zare mai suna DNA, a jikinsa aka rubuta umarnin yadda za a yi komai na wannan tsiro, da haruffa huɗu kacal. Kowane yanki na zaren da ke ɗauke da umarni guda shi muke kira ƙwayar gado. Yawancin ƙwayoyin gado umarni ne na ƙera furotin, kuma wasu furotin ɗin ma'aikata ne da ake kira inzayim, kowanne da aikinsa guda ɗaya tak. Ku dubi yadda shinkafa ke bi daga fadama zuwa tukunya: mai yanka daban, mai bugu daban, mai turarawa, mai shanya, mai casa, mai sheƙa. Kowa yana karɓa daga hannun na gabansa ya miƙa wa na bayansa. In mai turarawa bai zo ba, aiki ya tsaya a kansa, danƙararriyar shinkafa ta taru a ƙofarsa.

Haka saiwar zaƙami ke aiki. Tana farawa da wani sinadari na yau da kullum wanda kowane mai rai yake da shi. Ma'aikaci na farko, wanda ƙwayar gado mai laƙabin PMT ke ba da umarninsa, shi ke karkatar da wannan sinadari daga hanyar kowa zuwa hanyar dafi. Bayan 'yan matakai hanya ta rabu biyu: taba ta bi ɗaya ta ƙare a nikotin, zaƙami ya bi ɗaya ya isa ga wani sinadari mai suna hayosiyamin. A ƙarshen layin akwai ma'aikaci guda, ɗan ƙwayar gado mai laƙabin H6H, wanda ke karɓar hayosiyamin ya mayar da shi sukofolamin. Waɗannan biyu su suka yi wa ɗalibinmu abin da muka gani. Suna toshe wani saƙo da jijiyoyi ke aikawa zuwa ga yawu da zufa da hanji da mafitsara da ido, shi ya sa baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba zufa, ido ya buɗe, zuciya ta yi ta gudu. Suna kuma kutsawa cikin ƙwaƙwalwa su rikita gani da tunani, su shafe abin da ya faru.

Masana a Jami'ar Kiyoto ta Japan, ƙarƙashin Yamada da Hashimoto, suka ware ƙwayar H6H a 1991. Shekara guda bayan haka suka yi gwajin da ya kamata kowane malamin ilmin halittu ya iya ba da labarinsa. Akwai wani ɗan'uwan zaƙami a Turai mai suna beladona, wanda ke tara hayosiyamin da yawa amma sukofolamin kaɗan, saboda ma'aikacinsa na ƙarshe ba ya aiki sosai. Suka dasa masa ƙwayar H6H mai ƙarfi. Da tsiron ya girma aka auna ganyensa, sai ga shi kusan duk abin da ke ciki ya koma sukofolamin. Ƙwayar gado ɗaya ta sauya maganin da tsiro ke bayarwa.

Amma wannan bai amsa tambayar yaron nan mai kuka ba tukuna. Kowane tantani na zaƙami, na ganye da na fure da na saiwa, yana ɗauke da cikakken zaren, da PMT da H6H duka. Me ya sa saiwa kaɗai ke aiki da su? Me kuma ya sa wata rana take ƙera da yawa, wata rana kaɗan? A nan ne labarin ya fi daɗi, domin akwai wasu ƙwayoyin gado da ba sa ƙera komai da hannunsu. Aikinsu shi ne tayar da ma'aikata.

Ku tuna gayya. Manoma suna nan a gidajensu, kowa da fartanyarsa, amma ba wanda zai fita sai an yi kira. Mai gona ya sanar, makaɗi ya buga ganga, sarkin samari ya bi gida gida yana tayar da mutane, sai ka ga gona ta cika a lokaci guda. Idan tsutsa ta ciji ganyen taba, ganyen yakan saki wani sinadari mai suna jasmonet. Wannan ita ce gangar. Saƙon ya gangara saiwa, ya tarar da ƙwayoyin gado masu kira, su kuma su tayar da PMT da sauran 'yan layi gaba ɗaya, cikin 'yan kwanaki nikotin ya ƙaru a ganye. Manomin taba ya san wannan tun kafin a san sunansa: shi ya sa yake karye kan tabar kafin ta yi fure, don ganyen ya yi kauri ya yi ƙarfi. A 2010 masana a Japan suka gano cewa wata taba mai ƙarancin nikotin da aka daɗe da sani ba ma'aikatanta ne suka ɓace ba, wani rukuni ne na masu kiran gayya ya fita daga zarenta. Fartanya tana nan, manomi yana nan, makiraci ne babu.

Ga rabin amsar da muka yi alkawari. Zaƙamin da ke bayan katangar makaranta da wanda ke jujin kasuwa ba lalle ne gadonsu ya zama ɗaya ba, tunda ma akwai fiye da nau'i guda. Ko da gadon ɗaya ne, wanda ƙwari suka addaba ba zai zama daidai da wanda ya tashi lafiya ba. Na damina daban da na kaka, ƙarami daban da tsoho, wannan sashe na jikinsa daban da wancan. Ido ba ya ganin bambancin, harshe ba ya auna shi. Don haka maganar "daidai wannan yawan" ba ta da ma'ana a kan zaƙami. Wanda ya sha ya tsira bai koyi awo ba, sa'a ya ci. Muna ganin wannan bayani ya fi bulala tasiri a kan saurayi mai shekara goma sha bakwai. In ka ce masa haramun ne, ya sani. In ka ce masa yana kisa, zai nuna maka abokinsa da ke yawo lafiya. Amma in ka fahimtar da shi dalilin da ya sa tsirar abokin ba hujja ba ce, ka ƙwace masa abin da yake dogara da shi.

Da abin ya faru, shawarar da aka fara yankewa ita ce a tumɓuke duk zaƙamin da ke kusa da makaranta a ƙone. Mun goyi baya, mun kuma riƙe fartanya da kanmu. Sai dai ba mu yarda a koya wa yara cewa tsiron la'ananne ne ba, domin ba gaskiya ba ne, kuma ranar da suka gano mun yi musu ƙarya a nan za su daina yarda da mu a can. Hayosiyamin ɗin nan, in an tace shi an auna shi, shi ne atirofin. Duk shekara a ƙasarmu ta noman shinkafa da albasa akan kai wa asibiti manomin da maganin feshi ya bugar, ko yaron da ya kurɓi fiya-fiya a gorar da aka ajiye a ƙarƙashin gado. Irin wannan guba tana sa yawu da majina su cika ƙirji har numfashi ya gagara. Allurar da likita ke rugawa ya ɗauko ita ce atirofin, domin busarwar nan da ta wahalar da ɗalibinmu ita ce ke ceton mai fiya-fiya. Ƙwayar Buscopan da ake saya a kemis don murɗar ciki, daga sukofolamin ake yin ta, wanda ake samu daga wani ɗan'uwan zaƙami da ake nomawa gona gona a Ostireliya. Wani abin da zai ba ku sha'awa kuma: ɗaya daga cikin makarin dafin zaƙami daga Nijeriya ya fito. Akwai wani wake mai guba a ƙasar Kalaba wanda a da ake ba wanda ake tuhuma da maita ya ci don a gane gaskiyarsa. A 1864 aka tace alkaloyid ɗinsa, fisostigmin, aka kuma gano cewa shi da atirofin kowanne yana warware aikin ɗan'uwansa.

Zaƙami ya yi wa ilmin gado hidima ta wata fuskar ma. A shekarun 1920 wani Ba'amurke, Blakeslee, ya shuka dubbansa yana nazarin ƙunshin zaren gado da muke kira kuromozom. Zaƙami yana da tagwaye goma sha biyu. Ya gano cewa in tsiro ya sami ƙarin guda a kan kowace tagwaye, siffar 'ya'yansa takan sauya ta wata hanya ta daban, har ya tara iri goma sha biyu. A 1964 kuma masana biyu a Jami'ar Delhi ta Indiya, Guha da Maheshwari, suka fara tsirar da ɗan tsiro daga garin fure kaɗai, kuma da zaƙami suka yi. Dabarar nan masu inganta irin shinkafa suna amfani da ita har yau.

Akwai wani fure da da yawa daga cikinku kuka shuka a gaban ofishin shugaban makaranta, gajere mai ganye mai sheƙi, furensa mai kunne biyar, fari ko ruwan hoda, wanda akuya ba ta cika kula shi ba kuma ba ya tsoron rani. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. A shekarun 1950 masana biyu a Kanada, Noble da Beer, suka gwada shi saboda sun ji ana shan ganyensa don ciwon sukari. Bai sauke sukari ba, amma sun lura yana rage fararen ƙwayoyin jini a jikin ɓeraye. Daga nan aka sami binbilastin, sannan binkiristin, magunguna biyu na ciwon daji. Binkiristin yana cikin abin da ake ba yaran da ke da sankarar jini, da masu ciwon nan da ke kumbura muƙamuƙin yaro cikin 'yan makonni, wanda likita Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda kuma ya yawaita a ƙasashen da zazzaɓin sauro ya yi katutu. Wani likitan tiyata ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, Victor Ngu, yana cikin waɗanda aka ba babbar lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda aikinsu na maganin wannan ciwo.

Matsalar furen ita ce rowa. Ana bukatar busasshen ganye wajen kilo 500 kafin a sami giram ɗaya na binbilastin, na binkiristin kuwa ya fi haka nesa. Layin ma'aikatansa ya kai matakai talatin, kuma ba a ɗaki ɗaya suke zaune ba. An shafe shekaru ana farautarsu ɗaya bayan ɗaya. Ta farko a wannan dangi, wata masaniya mai suna Toni Kutchan ta ware ta a Jamus a 1988. A 2000 aka gano ɗaya daga cikin masu kiran gayyarsa, ORCA3, a Jami'ar Leiden ta Holan. Na ƙarshe da suka ɓuya sai a 2018 aka kama su, ciki har da aikin Sarah O'Connor da abokanta a Ingila. A 2022 wasu masana a Denmak suka yi wa yis, irin wanda ke kumbura burodi da fanke, gyare-gyare 56 a zaren gadonsa, har ya riƙa cin sukari yana fitar da sinadarai biyun da ake haɗawa a sami binbilastin. Kafin nan, a 2020, an sa yis ya yi hayosiyamin da sukofolamin a Jami'ar Stanford ta Amurka. Abin da yis ɗin ke bayarwa ɗan mitsitsi ne tukuna, kada wani ya fita daga nan ya ce an daina noman tsirran magani.

Muna murna da wannan, domin uwar da ke zaune a bakin gadon ɗanta ba ruwanta da ko daga ganye maganin ya fito ko daga tulun yis. Amma ba za mu ɓoye muku damuwarmu ba. Kun ji sunayen wuraren: Kiyoto, Leiden, Denmak, Stanford. Tsirran na ƙasashen zafi ne, sanin amfaninsu na farko daga bakin tsofaffin ƙasashen zafi ya fito, amma karatun zaren a wani wuri ake yi, kuma wanda ya karanta shi ke sayarwa. Ga jami'ar tarayya a kan hanyar Kalgo, ga ta Aliero, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ɗaliban da za su shiga ɗakunan bincikensu daga hannunmu za su fita. In sun bar mu suna jin ƙwayar gado wata kalma ce da ake haddacewa don jarrabawa, to, laifin ba na Turawa ba ne.

Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu da Sakkwato malami ya rubuta a kan magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan filasko da basur da ciwon ido. Abin da muke cewa shi ne a ɗora a kan wannan gado da awo. Mai maganin gargajiya na ƙwarai ya san itacen saƙe-saƙi ɗaya ba ya ba da ƙarfi ɗaya kullum, shi ya sa yake da lokacin ɗiba da wurin ɗiba. Ya lura da abin da muka bayyana, ko da bai san sunan PMT ba. Amma lura ba ta kai ma'auni ba, kuma a kan tsiro irin zaƙami tazarar da ke tsakanin magani da makara ba ta da faɗi.

Awo ɗin ma sai an yi hattara da shi. Kun san tafashiya, wadda ake jiƙa saiwarta don zazzaɓi da ciwon ciki. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiyar arewacin Kamaru. Labari ya bazu cewa ashe ƙwayar da kamfani ke haɗawa itacen daji ya riga shi. Shekara guda bayan haka wasu masana ƙarƙashin Spiteller na Jamus suka bi sawu. Suka tarar da tiramadol a saiwar wasu itatuwan da ba su da dangantaka da tafashiya, da cikin ƙasa, da ruwa. A kudancin ƙasar kuwa, tafashiya ba ta da shi. Ashe mutanen yankin suna sha, suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji, fitsari ya kai shi gindin itace, saiwa ta tsotsa. Masu binciken farko sun yi ta kare matsayinsu, amma a 2016 aka auna irin kabon da ke cikin sinadarin, ya nuna na masana'anta ne, ba wanda tsiro mai rai ya ƙera ba. Tafashiya tana da alkaloyid nata na gaskiya, 'yan dangin na furen Madagaska. Wannan dai ba nata ba ne, namu ne muka zubar a gindinta. Mu da muka ga abin da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Saura abin da za a yi a aji. Ba ma bukatar na'ura kafin yaro ya ga DNA da idonsa. A yanka albasa ƙanana, a zuba ruwa mai ɗumi da ɗan gishiri da cokali guda na sabulun ruwa na wanke-wanke, a dama a hankali, a bar shi kamar minti goma sha biyar, a tace da ƙyalle mai tsabta a cikin kofin gilashi. Sannan a kwararo sifirit mai sanyi ƙwarai ta gefen kofin, a hankali, yadda zai zauna a sama bai gauraya ba. Cikin minti biyu ko uku za a ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa a tsakani, har a iya naɗo shi da tsinke. Sabulu ya fasa tantanin, gishiri ya tattara zaren, sifirit ya fito da shi fili. Mun gwada da 'yan ajin yaron nan makonni uku bayan dawowarsa. Shi ya naɗo zaren, amininsa yana riƙe masa kofi, sannan muka zana musu layin ma'aikatan saiwa a allo, muka bar su su gano da kansu dalilin da ya sa abin da ɗaya ya sha da sallah ba shi ne abin da ɗayan ya sha da kaka ba.

Malam shugaba, albasa ba ta yi mana wuya a ƙasar nan, gishiri da sabulu kowane malami zai iya kawowa daga gida. Abin da muke roƙon reshe shi ne kwalbar sifirit guda da kofunan gilashi shida ga kowace makaranta, da ɗan kuɗin ƙanƙara, domin in sifirit ɗin bai yi sanyi ba zaren ba ya fitowa sosai. Mun kawo kayan yau, suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Duk mai son ya gwada da hannunsa ya same mu a can bayan sallar azahar.